Darasi: Katin Sana'a

Ran Litinin da ran Juma'a, in babbar kasuwar Maraɗi ta cika, baƙi na zuwa daga Tasawa, Dakwaro, Madarunfa, har da Katsina ta hanyar Ɗan Isa. Baƙo zai tsaya gaban tela ko mai walda, ya yaba aiki, ya ce sai ya dawo. In ya koma gida sai layin shagon ya ɓace masa. Amfanin katin sana'a ke nan: ɗan aike ne da kake sa wa mutum a aljihu, ya tuna masa da kai ranar da bukata ta tashi.

Kati ƙarami ne. Wanda aka saba bugawa tsawonsa santimita 8 da rabi, faɗinsa 5 da rabi. Takardar A4 guda tana fidda kati 10, takarda 10 kuwa kati 100. Tunda wurin kaɗan ne, ba komai ake zubawa ba.

Abu huɗu ne dole: sunanka, sana'arka, inda kake, da lambar waya.

A sa sunan da gari ya san ka da shi. In kowa da laƙabi yake kiran ka, laƙabin za a rubuta, don wanda ya zo unguwa yana tambaya da sunan takardar haihuwa zai sha yawo. Sana'a kuma a faɗe ta gajere: "Ɗinkin mata da yara", ko "Gyaran babur". Wasu na son su lissafa komai, har da sayar da ƙanƙara da dillancin fili. Mai karatu zai rasa me za a kira ka a kai. Zaɓi wadda ta fi kawo maka abinci.

Wajen kwatance, ku yi yadda muke yi da baki. Mutanenmu ba da lambar titi suke gane wuri ba. A rubuta unguwa, Zariya ko Bagalam ko Sabon Gari, sannan a ƙara alamar da ɗan kabu-kabu zai gane: kusa da masallacin Juma'a, bayan tasha, daura da gidan mai.

Lambar waya ita ce ta fi komai, a nan za mu daɗe. Lambar Nijar alƙaluma 8 ce. A raba ta biyu-biyu, da fili a tsakani, kamar yadda muke faɗin ta. A buga ta da manyan alƙaluma, baƙi a kan fari, yadda dattijo zai karanta ba tare da tabarau ba, ko da magariba ta yi. Ku tuna, da yawa cikin masu sayen kayanku ba su iya haɗa baƙaƙe ba, amma sun san alƙaluma sarai, saboda waya da lissafin kuɗi. In kana ciniki da mutanen Najeriya, sa +227 a gaba, in ba haka ba kiransu ba zai shigo ba. In lambar tana WhatsApp, a sa ƴar alamar a gefe. Lamba biyu ta isa. Huɗu ruɗani ce, kuma galibi biyu daga ciki layukan da aka daina sa wa kuɗi ne.

Saboda waɗanda ba su karatu, a sa zane guda mai nuna sana'a: keken ɗinki, almakashi, babur, buhun gero. Guda fa. Masu kwamfuta na son cika kati da furanni da launi biyar don su nuna gwaninta. Kuɗinka ne, ka ce a rage. Launi biyu ya wadatar.

Da wane harshe? Dubi wanda za ka ba. Mai neman aikin ma'aikatu yana iya sa Faransanci a fuska ɗaya, Hausa a ɗaya. Wanda masu cinikinsa almajirai ne da malamai, ajami zai fi yi masa aiki.

Kafin a buga da yawa, ka ce a fidda guda ka gani. Karanta shi da kanka a hankali, sannan ka danna lambar da ke jiki a wayar wani, ka ji ko taka za ta yi ƙara. Alƙalami ɗaya in ya kauce, kati 100 sun tafi a banza, kuma mai bugawa ba zai biya ka ba tunda ka amince. Nemi takarda mai kauri, don gumi da ƙurar hunturu na cinye mai laushi. Wanda bai da halin bugawa, ya sa a sassaƙa masa tambarin roba, ya yanka kwali mai tsabta ya dinga bugawa da tawada.

Kati ba a durowa yake zama ba. Tela ya sa guda a ledar kowane ɗinki, mai ƙuli-ƙuli ta liƙa a jikin roba. Wanda ya ji daɗin aiki a ba shi biyu, ɗaya na maƙwabci.

Aikin gida: Ku yanka kwali daidai awon da aka faɗa. Ku rubuta suna, sana'a da kwatance, ku cika lamba a nan: __ __ __ __. A zama mai zuwa kowa zai miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya karanta da ƙarfi a gaban aji.