Yadda ake zama masanin halayyar ɗan Adam mai jinyar masu damuwa

Da farko a bambanta aiki biyu da mutanen Maraɗi ke yawan haɗawa. Likitan taɓin hankali ya yi karatun likitanci, shi ke rubuta magani. Sikolog kuwa, wato masanin halayyar ɗan Adam, ba ya ba da ƙwaya. Yana sauraro, ya yi gwajin halayya, ya yi jinya da magana. Na biyun nake nufi.

Matakin farko shi ne BAK, jarrabawar kammala sakandare. Seri A ta adabi ta fi kusa da fannin, amma ɗan seri D ta kimiyya ma ba baƙo ba ne, don akwai lissafin ƙididdiga da ilimin ƙwaƙwalwa a gaba.

Daga nan sai ka ɗaura jaka zuwa Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni, tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, masta shekara 2. Kada ka tsaya a lisans. A masta ne ake zaɓar ɓangaren jinya, a rubuta kundin bincike.

Sai istaj, wato koyon aiki a asibiti, kuma nan zan daɗe. Nemi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ko wani asibiti nan gida lokacin hutu, ƙarƙashin wanda ya riga ka. Karatunka duka da Faransanci ne, amma inna da za ta zauna gabanka daga Tibiri ko Madarunfa ba za ta ce tana da "defaresiyo", wato ciwon damuwa, ba. Za ta ce zuciyarta ta yi nauyi, barci ya ƙi, ko iska ta taɓa ta. Wataƙila ta sha rubutu kafin ta zo. Ka gaida ta yadda ya kamata, kada ka raina inda ta fara neman sauƙi, ka riƙe littafin da kake tara irin waɗannan kalmomi. Asirinta kuma ya tsaya wurinka, ko mijinta ne ya tambaya.

Aiki fa? Bayan bautar ƙasa akwai gasar shiga aikin gwamnati, sai dai guraben ba su da yawa. Ƙungiyoyin agaji sun fi ɗauka, musamman tun 2019 da 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka kwararo yankin Gidan Rumji. Cibiyoyin yara masu tamowa ma suna buƙatar mai zama da iyaye mata. Ka samu babba a fannin da za ka riƙa kai wa abin da ya fi ƙarfinka, ko ta waya ce, tun daga watanka na farko.