Yadda za a kula da lafiyar hankalin ɗalibin jami'a mai karatu daga nesa

Ɗalibin da ke shiga aji a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, idan ya yi kwana uku ba a gan shi ba, abokan zamansa za su bi sawunsa har ɗaki. Wanda ke karatu ta intanet kuwa yana iya shafe wata guda cikin ƙunci ba tare da kowa ya lura ba, domin malaminsa sunansa kawai yake gani a Moodle, wato dandalin darussa na intanet, ko a rukunin WhatsApp, mutanen gida kuma gani suke yi latse-latsen waya yake yi. Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a Nijar a watan Maris na 2020 irin wannan karatu yake ƙara yaɗuwa, amma kulawar da aji ke bayarwa ba ta biyo ɗalibi gida ba. Dole ne a shirya ta da gangan.

Daga gida aikin yake farawa. Ya kamata ɗalibi ya zauna da iyayensa, ɗaliba mai aure kuma da mijinta, a nuna musu jadawalin darussa da ranakun jarrabawa, a amince da wasu sa'o'i da ba za a aike shi kasuwa ko a kira shi ba. Wannan ya fi shafar ɗalibai mata, waɗanda zamansu a gida yake sa a ɗora musu girki da wanki da reno, har darasi ya koma sai bayan kowa ya kwanta. Uwar da ta ce wa ƙannen ɗiyarta, "Ku bar yayarku, tana aji," ta yi mata abin da babu malamin da zai iya yi mata daga Yamai.

Sai kuma a tsara lokaci bisa yanayin garinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, wuta tana ɗaukewa, rezo kuma yana rawa, don haka ya fi dacewa a ajiye karatu mai nauyi zuwa bayan sallar asuba, a sauke darussa cikin waya duk sa'ad da rezo ya yi kyau, a kuma yi cajin waya tun kafin ranar jarrabawa. Malamai suna da nasu kaso a nan, kuma a ganina shi ne mafi sauƙin cikawa: su aika takardu marasa nauyi da saƙon murya maimakon dogon bidiyon da ke cinye forfe, su naɗi darasin da aka yi kai tsaye, su kuma bayyana tun farko abin da ɗalibi zai yi idan intanet ta yanke masa yana tsakiyar jarrabawa. Fargabar wannan yankewa kaɗai tana hana ɗalibai da yawa barci.

Kaɗaici shi ne babban abin tsoro. Ɗalibai uku ko huɗu da ke gari ɗaya su tsayar da rana guda a mako su haɗu ido da ido, ko da fanninsu ya bambanta, su yi bita su kuma taɓa hira. Zaman fada yana da amfani matuƙar bai kai tsakar dare ba, domin shayi mai kauri yana korar barci, alhali baligi yana bukatar aƙalla sa'o'i bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tattaki bayan la'asar ya isa. Masu shan tramol don su jure karatun dare su sani cewa yana kama jiki, yana kuma iya jawo farfaɗiya.

Akwai lokacin da tsari da hira ba za su wadatar ba. Idan ɗalibi ya kai mako biyu cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barcinsa ko cin abincinsa ya sauya, ya daina buɗe darussa da amsa kira, to ana iya zaton ciwon damuwa ne, wanda yake da magani. Kada a ce masa raggo, kada kuma a ce imaninsa ne ya yi rauni. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Wanda ya fi kusa da shi ya zauna da shi a keɓe ya ce, "Na ga kwanan nan ka canza, me yake damunka?" sannan ya yi shiru ya saurara, ba tare da gaggawar yin nasiha ba. Idan ya ambaci gajiya da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da gubar ƙwari daga inda yake, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko babban asibitin jihar Tawa a ranar, inda za a iya tura shi sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai idan akwai bukata. Bayan haka wani daga cikin dangi ya sanar da sashen karatunsa a rubuce, ya nemi a ɗage masa wa'adin ayyukan da ke kansa har ya samu sauƙi.