Yadda Ake Juya Asusun Wakafin Jami'a da Kula da Shi

Asusun wakafin jami'a dukiya ce da masu bayar da gudummawa suka damƙa wa jami'a bisa sharaɗin ba za a cinye uwar kuɗin ba, sai dai a juya ta, a riƙa ɗibar wani ɗan kaso duk shekara don tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi, biyan albashin wasu malamai, da gudanar da bincike. Wanda aka ɗora wa wannan amana yana yi wa mutum biyu aiki ne a lokaci guda, wato ɗalibin da ke aji a yau da wanda zai zo bayan shekara hamsin, kuma kusan duk shawarar da zai yanke ta rataya ne a kan yi wa su biyun adalci.

Kafin a sayi hannun jari ko guda ɗaya, sai a tantance sharuɗɗan da ke kan kuɗin. Asusun Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya haura dala biliyan 50, tarin ƙananan asusu ne fiye da 14,000, kuma mafi yawansu masu su sun ƙayyade abin da za a kashe ribarsu a kai. Ana haɗa kuɗin wuri guda wajen juyawa, amma a littafin lissafi kowane asusu yana da nasa rabon, kuma kuɗin da aka bayar don sashen likitanci ba a karkatar da shi zuwa ginin filin wasa komai matsin da ake ciki.

Daga nan sai kwamitin amintattu ya rubuta ƙa'idar kashewa, wadda a ganina ta fi zaɓen hannun jari muhimmanci, ko da yake ba a cika yin maganarta ba. Galibin jami'o'i suna ɗibar kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na darajar asusun a shekara. Lissafin a fili yake: idan ana kashe kashi 5, hauhawar farashi kuma tana cin kashi 3, to dole asusun ya samar da aƙalla kashi 8 bayan an cire ladan masu juya kuɗin, in ba haka ba adadin kuɗin zai yi kamar yana nan daram alhali abin da yake iya saya yana raguwa. Ba a kuma ɗora kason a kan darajar shekara ɗaya tak, domin kasuwa na iya faɗuwa amma albashi ba ya jira. Da yawa suna amfani da matsakaicin darajar shekaru uku. Jami'ar Yale ta Amurka kuwa tana ɗaukar kashi 80 na lissafin daga abin da aka kashe a bara, sauran kashi 20 daga darajar asusun, sannan ta yi gyara gwargwadon hauhawar farashi, ta yadda tashi ko faɗuwar kasuwa zai isa kasafin jami'ar sannu a hankali.

Sai batun rarraba jarin. Takardun lamunin gwamnati suna da kwanciyar hankali amma a ƙasa irin Amurka ribarsu ba ta kai kashi 8 ɗin nan a yawancin lokuta, don haka babban kaso yakan tafi ga hannun jarin kamfanoni na gida da na waje, sauran kuma ga gidaje, filaye da dazukan katako. David Swensen, wanda ya karɓi ragamar asusun Yale a 1985 lokacin asusun yana da dala biliyan ɗaya da 'yan kai, ya rasu a 2021 ya bar shi sama da biliyan 30, shi ne ya shahara da karkata kuɗi zuwa kamfanonin da ba a sayar da hannun jarinsu a kasuwa da kuma sababbin kamfanoni masu tasowa. Hujjarsa ita ce jami'a ba ta cikin gaggawa, tana iya kulle kuɗi shekara goma don samun riba mafi tsoka. Sai dai ƙaramin asusu bai kamata ya kwaikwayi wannan ido rufe ba, domin ƙwararrun manajojin irin wannan jari kaɗan ne, ladansu yana da tsada, kuma ba kowa suke karɓa ba. Ga irin wannan asusu, jari mai arha da ke bin kasuwa gaba ɗayanta ya fi.

Duk yadda aka rarraba, wajibi ne a ajiye abin da za a iya mayarwa tsabar kuɗi cikin 'yan kwanaki. A rikicin tattalin arziki na 2008 zuwa 2009 asusun Harvard ya faɗi da kimanin kashi 27 cikin ɗari, kuma da yake kuɗi masu yawa suna kulle, sai da jami'ar ta ci bashin dala biliyan 2.5, ta kuma dakatar da wasu gine-gine.

Wajen sa ido, kwamitin zuba jari shi ke tsara manufa, ma'aikata ko manajojin waje su aiwatar, mai binciken kuɗi mai zaman kansa kuma ya duba littattafai duk shekara. Duk ɗan kwamitin da ke da alaƙa da kamfanin da ake shirin ba wa kuɗi ya bayyana hakan, ya fita daga zaman. A auna ƙwazon manaja da sakamakon shekaru biyar zuwa goma bayan cire ladansa, a kuma riƙa daidaita rabon jarin lokaci zuwa lokaci, wato a rage daga ɓangaren da ya tashi a ƙara wa wanda ya faɗi har kowanne ya koma kason da manufa ta tanada.