Yadda za ka gane kamfanin da ya ƙera tsohuwar motar sojan yaƙin duniya na biyu

Jama'a ba duk tsohuwar lori da aka yasar a bayan warsha, wato gareji, a Gadarif ko Kassala a nan Sudan ce ta zamanin yaƙin Taliyan, wato yaƙin duniya na biyu, ba fa. Yawancinsu Bedford TJ ne, lorin nan tamu da muke kira sifinja, ita kuwa sai 1958 aka fara ƙera ta, yaƙi ya ƙare tun 1945. Amma na gasken ma sun shigo ƙasar nan sosai, Taliyan sun kama Kassala a 1940, aka ƙwato ta farkon 1941 aka wuce Keren ta Eritrea, ga kuma ayarin motocin rundunar tsaron Sudan da ke jigilar kaya daga Wadi Halfa zuwa Kufra a Libiya ta cikin sahara.

Matsalar ita ce lokacin yaƙi soja ne ke bada fasali, kamfani biyu su ƙera mota iri ɗaya sak, sannan ustocinmu, wato makanikai, sun sake bodi sun sake fenti, dan haka kar ka tsaya kallon jiki, durƙusawa za ka yi ka leƙa ƙasa.

Mu fara da 'yan Kanada da ake kira CMP, masu gajeren hancin nan, sitiyari a dama, na baya-bayansu gilashin gaba ya karkato, samansa ya fi ƙasansa fitowa dan kar rana ta haska shi jirgin sama ya hango. Ford da Chevrolet duk sun yi su kuma daga nesa wallahi ba ka rabewa. Matso ka dubi ragar gaban lagireto, in ramukan murabba'i ne a miƙe toh Ford ce, in kuwa a karkace suke kamar yankan basbusa, kek ɗin nan na Larabawa, Chevrolet ce. Sai inji, Ford V8 ne mai shimfiɗaɗɗen kai, fulogi huɗu nan huɗu can, Chevrolet kuwa silinda 6 ne a jere layi ɗaya da murfi dogo a samansa. Sai dai inji shi ne abu na farko da ake cirewa a dasa na dizal, shi yasa ni na fi yarda da aksil, na Ford ɓari biyu ne aka haɗa da notuna a tsakiya, na Chevrolet kuwa guda ɗaya ne da zagayayyen murfi. In farantin lamba na nan a manne kaga an huta, F na Ford, C na Chevrolet, F60L ko C60L duk tan 3 ne mai dogon shasi, C15A kuma ƙarama ce mai ja da ƙafa huɗu.

Ƙaramar jif ɗin Amurka ita ta fi rikita mutane. Willys ta yi wajen 360,000, Ford ta yi wajen 280,000 a kan zanen Willys ɗin, kayan wannan na shiga waccan ba gardama, shi yasa da wuya ka samu wadda ba a cakuɗa ba. Kafin komai ƙirga tsagin ragar gaba, 9 ta soja ce, 7 ta farar hula ce ta bayan yaƙi, kar wani dillali ya yi maka daɗin baki. Daga nan leƙa ƙarƙashin lagireto akwai ƙarfen da ya gitta shasi, in bututu ne zagayayye Willys MB ce, in kuma lanƙwasasshen ƙarfe ne mai buɗaɗɗen ƙasa Ford GPW ce, wannan ita ce shaidar da ta fi ƙarfi tunda ba kasafai ake taɓa wurin ba. Ford kuma akwai son buga suna, kankare tsatsa a kan notuna da ƙananan ƙarafuna za ka ga harafin F mai lanƙwasa. Murfin akwatin kayan aiki na baya ma na Willys sumul yake, na Ford da ɗan tudu-tudu. Amma noti ɗaya mai F bai isa hujja ba, makanikan soja duk wanda hannunsu ya kai shi suke ɗaurawa, sai ka haɗa alama uku ko huɗu sun yi magana ɗaya.

Manyan masu aksil uku kuwa, tan 2 da rabi, nasu da sauƙi. GMC CCKW madigadinta na gaba a lanƙwashe yake, Studebaker US6 nata a shimfiɗe mai kusurwa, injinta Hercules mai shimfiɗaɗɗen kai. GMC an yi sama da 560,000, Studebaker kuwa yawanci Rasha aka tura su, da dama ta hanyar Iran, dan haka in an nuna maka mai aksil uku a nan ka fara zaton GMC. Kuma dabarar aksil ɗin can kar ka kawo ta nan, GMC ta fito da iri biyun duka.

Ka tafi da burushin ƙarfe da ɗan kananzir da tocila, lambar shasi a jikin ƙarfen take a buge ƙarƙashin datti, a jif ka nemo ta gaba-gaba ta hannun hagu. Ka nemi izinin usta kafin ka fara kankarar masa mota, kuma ka buga ƙarfen da sanda tukuna, kunama na son irin wurin nan.