Kurakuran da muka fi yi da wayar hannu, da yadda za a gyara su

A 2001 layukan GSM suka fara aiki a Najeriya, lokacin da mallakar layi kaɗai sai mai hali. Yau mai tura ruwa a baro yana da Tecno ko Itel a aljihu, yana karɓar kuɗinsa ta waya, yana kallon wa'azi da wasan barkwanci idan ya zauna hutawa. Wayar ta shigo mana da gudu, ladabin riƙe ta kuwa har yanzu yana tafe a baya. Yawancin kurakuran da ke ƙasa ba na jahilai ba ne. Malamai da 'yan boko da manyan 'yan kasuwa duk suna yin su.

Wanda ya fi ciwo shi ne gaggawar sanar da rasuwa. A da, idan mutum ya cika, akan nemi babba mai hankali ya je gidan mahaifiya, a yi sallama, a zauna, a fara da cewa jikin ya yi tsanani, sannan a faɗa mata a hankali tana da wanda zai riƙe ta. Yanzu tun kafin a rufe mamaci da zane, wani ɗan unguwa ya ɗora hotonsa a sitatus da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un". 'Yarsa da ke aure a wani gari sai ta ga fuskar mahaifinta a waya tana tsakar girki, ba kowa kusa da ita. Mai ɗorawar bai yi nufin sharri ba, so yake a yi addu'a, wani lokaci kuma, mu faɗi gaskiya, so yake a ce shi ya fara kawo labari. Gyaran ba shi da wuya: kada ka wallafa rasuwa sai ka ga iyalan sun sanar da kansu, ko sun ce a sanar da lokacin jana'iza. Hoton gawa, hoton mara lafiya a gadon asibiti da bidiyon waɗanda suka yi haɗari a hanya kuwa ba su da wurin zama a wayar kowa. Idan hannunka ya kai ga waya a wurin haɗari, kira masu agaji da ita.

Sai tura saƙo ba bincike. Wanda ya yi wayo a Agustan 2014 zai tuna daren ruwan gishiri, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas. Saƙo ya zaga cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. 'Yan'uwa suka riƙa tashin juna da kira cikin dare, kowa yana ganin ceton rai yake yi. An ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2, aka kwantar da wasu da dama a asibiti, gishirin kuma bai da wata alaƙa da maganin cutar. Irin wannan saƙon har yau bai sauya kama ba: ba sunan wanda ya rubuta, ba kwanan wata, akwai tsoratarwa, akwai "don Allah ka tura wa mutum goma". Wani ya zo da sunan addini, da hadisin da ba wanda ya san inda aka ciro shi. Wani tsohon bidiyon rikici ne na wata ƙasa aka ce jiya aka yi a garinku. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga ɓarnar, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka yi ta yawo da shi zuwa wuri 1 kacal. Irin wannan saƙon yana ɗauke da alamar kibiya biyu a samansa. Idan ka gan ta, ka dakata. Duba ko wata kafar labarai da ka sani ta kawo batun. Idan na lafiya ne tambayi ma'aikacin lafiya, idan na addini ne tambayi malami. Rubuta "kamar yadda na samu" a ƙasan saƙo ba ya wanke kowa. Magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi saurin fita.

Idan kuma babba ne ya turo ƙaryar a guruf ɗin dangi, kada ka ƙaryata shi a gaban 'ya'ya da jikoki. Bi shi ta gefe: "Baba, na duba wancan saƙon, ashe tsoho ne, ko za a goge shi?" Yawanci zai goge, har ya sa maka albarka.

Kuskuren da ke cin kuɗi shi ne bayar da lambar sirri. Ga yadda abin yake faruwa. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce, "Salamu alaikum Alhaji, daga guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai ne, za mu yi taro ta intanet da daddare. Mun turo maka lamba shida, karanto min in sa sunanka." Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da zarar ka karanta, an fitar da kai, ɓarawon kuma ya shiga rubuta wa abokanka da sunanka cewa ka shiga matsala, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe. Maganin yana cikin wayar tun tuni: shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambobi 6 naka na kanka. Idan an riga an ƙwace, sake yin rajista da layinka nan take, sabuwar lamba za ta zo maka, shigar da ita kuma zai kori wancan. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga. Kafin nan ka kira mutanenka ka gaya musu kada su tura wa kowa ko sisi.

Haka abin yake a banki. Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar katinka ta sirri ko lambar da aka turo maka ta saƙo, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka. Kashe wayar ka je reshe da ƙafarka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne layin kansa: mun kulle fuskar waya da zanen yatsa, amma ɓarawo yana iya zare layin ya sa a ƙaramar waya ya riƙa gwada lambobin banki. Sa wa layin lambar sirri a saitin tsaro, amma ka kula, kuskure sau 3 yana kulle shi sai da lambar buɗe layi ta PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. Ka kuma rubuta lambar rufe asusu ta bankinka a takarda a gida. 'Yan kasuwa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura kowa ga taransifa, su daina sakin kaya saboda an nuna musu rasit a fuskar waya ko saƙon alat ya shigo. Buɗe manhajar banki ka ga kuɗin sun hau, sannan a ɗaure kaya.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa kashe kowa amma suna rage wa mutum daraja. Ka je gaishe da surukai, kana durƙushe, ido na kan waya. Ana magana da kai a majalisa kana "eh, eh" kana latsawa. Liman ya kabbara, waƙa ta tashi daga aljihun wani a sahu na biyu. Kiran bidiyo ba sanarwa, alhali ba ka san halin da matar gida take ciki ba. Saƙon murya na minti tara wanda minti uku na farko gaisuwa ce. Jefa mutum cikin guruf ba a tambaye shi ba. Wannan ma akwai saitin da ke hana shi a ɓangaren sirri na WhatsApp, inda za ka zaɓi waɗanda suke da ikon saka ka. Sauran kuwa ba saitin da zai gyara su. Kife wayar idan kana gaban manya, in kira ya zama dole ka nemi izini ka fita. Na tuƙi ba sai an tsaya dogon bayani ba: laifi ne a dokar hanya, kuma mai Keke Napep da ke duba saƙo yana ɗauke da 'ya'yan mutane.

Game da yara, kuskuren shi ne mayar da waya mai raino. Yaro ya yi kuka, a miƙa masa, ya yi shiru, uwa ta samu ta ƙarasa aiki. Ba na ganin laifin uwar da aiki ya yi wa yawa, amma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Ga waɗanda suka tasa, manhajar Family Link ta Google tana ba iyaye damar ƙayyade lokaci da abin da za a sauke. Sai dai yaron da yake ganin mahaifinsa da waya har a kan tabarmar cin abinci ba zai ɗauki dokar da muhimmanci ba.

Na ƙarshe ya fi shafar mata, ko da yake maza ma ba su tsira ba: hotuna da wayar da ta bar hannu. Hoton da aka tura wa saurayi ko ƙawa ya fita daga ikon mai shi, ko da an zaɓi a gani sau ɗaya, domin ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Idan za a kai waya gyara, a cire layi da katin memori, kada a ba da lambar buɗewa sai in gyaran ya buƙaci haka, in ya buƙata kuma a tsaya a wurin har a gama. Idan sayarwa za a yi ko kyauta, goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai isa ba. A kwashe abin da ake so, a fita daga asusun Google da na WhatsApp da manhajojin banki, sannan a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani kafin a miƙa ta.