Yadda ake warware saɓani a gwajin rukunin jini

Ƙwayoyin jini sun ce A, ruwan jini ya ce O, ga ɗan'uwan majiyyaci tsaye a taga yana matsa maka. A nan sababbin hannu ke zaɓar amsar da ta kwanta musu a rai su rubuta. Kul! Muddin gwaji biyun nan, na ƙwayoyin jini da na ruwan jini, ba su yi daidai ba, ba ka da sakamako.

Fara da suna da lambar da ke jikin kwalba, in da kokwanto a ɗebo sabon jini. Duba ranar ƙarewar anti-A da anti-B, wato ruwan gwajin da ke dunƙule ƙwayoyin A da na B, ka tambaya ko firij ya kwana ba wuta. Sai tarihi: mai sikila ɗan rukunin A da aka ƙara wa ledar jinin O watan jiya, wasu ƙwayoyinsa za su dunƙule, wasu su zauna a sake. Jaririn da bai kai wata 4 ba kuwa, ba a dogara da gwajin ruwan jininsa.

Ajiye tayil ɗin da ake ɗiga jini a kai, koma kwalbar gwaji. Na san tayil ya fi arha da sauri, amma a wajena ba a warware saɓani a kansa. Wanke ƙwayoyin sau uku da ruwan gishiri na asibiti (saline), ka dama su kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kada su yi kauri.

Ga inda na taɓa faɗuwa. Wani dattijo ne, ruwan jininsa ya dunƙule da ƙwayoyin A, da na B, har da na O. Na yi awa biyu ina zargin kayan aiki. Da na leƙa ta madubin ƙara girma, ashe ƙwayoyin jeruwa suka yi kamar an tsara kwabbai, saboda yawan furotin a jininsa. Maganin ba wuya: juya kwalbar a injin juyawa (centrifuge), zuƙe ruwan jinin, zuba ɗigo biyu na ruwan gishiri a madadinsa, sake juyawa. Jerin kwabbai zai watse, dunƙulewar gaske tana nan daram.

In gwajin ruwan jini ya yi rauni, kamar a tsofaffi, bar shi minti 30 a kan tebur, in ya ƙi a kai shi sanyin digiri 4 na Celsius tare da ƙwayoyin O da na majiyyacin don kwatance. In kana zargin A2 ne (wani reshe na rukunin A) mai anti-A1, wato ruwan jininsa na dunƙule ƙwayoyin reshen A1, gwada da lektin, wani ruwan gwaji daga tsiron Dolichos biflorus. In likita ya ce ba za a iya jira ba, ba da ƙwayoyin O, ka rubuta dalili a rajista.