Yadda ake ɗumama ruwan kwamin wanka da murhun itace

Daga Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya kankama, kwamin wanka na gida yakan zama abin kallo kawai, musamman a gari mai sanyi kamar Jos. Yawancin mutane sun fi jin daɗin ninƙaya a ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 28. Murhun itace zai iya kai shi nan, amma kafin a kira mai walda a zauna a yi lissafi.

Ana auna makamashi da kilowat-awa. Lita 1,000 na ruwa na buƙatar kilowat-awa 1.16 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Kwami mai lita 20,000 da ake so a ɗaga da digiri 5 zai ci wajen kilowat-awa 116. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da kusan kilowat-awa 4, sai dai murhun da aka haɗa a gida yakan zubar da fiye da rabi ta bututun hayaƙi. Idan kashi 40 cikin ɗari ne ya shiga ruwa, ana maganar kilo 70 na itace ke nan. Wannan ba ƙaramin kaya ba ne a ƙasar da daji ke ƙarewa, don haka a nemi rassan da aka sassabe da guntayen katakon kafinta marasa fenti. Kwamin da ya wuce lita 40,000 kuwa, gaskiya bai dace da wannan hanya ba.

Murhun kansa ba wuya. A samu duro na ƙarfe mai lita 200 wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, a yanka ƙofa a ƙasa, a jera rodi santimita 15 daga gindi domin iska ta shiga, toka ta zuba. A sama a kafa bututun hayaƙi mai tsawon mita 2. Zuciyar aikin ita ce bututun jan ƙarfe mai faɗin milimita 22, tsawon mita 15, wanda za a naɗe kamar gammo a cikin duron, saman harshen wuta. A cika shi da busasshen yashi kafin lanƙwasawa don kada ya lotse, a bar tazarar yatsa biyu tsakanin naɗi da naɗi. Kada a bar mahaɗi ko ɗaya a cikin wuta. Ruwan sanyi ya shiga ta ƙasa, mai ɗumi ya fita ta sama.

A haɗa murhun bayan injin turo ruwa da matata, ta reshe mai bawul, yadda wani kaso na ruwan ne kawai zai bi ta wuta. Mita biyu na farko daga mafita, wato inda ruwan ɗumi ke fitowa daga murhun, su zama ƙarfe, domin bututun roba na PVC yana fara laushi a wajen digiri 60. Tsakanin mafita da kwami kada a sa bawul ko kaɗan.

Ga inda haɗarin yake. Dole ne ruwa ya fara gudana kafin a kunna wuta, kuma ya ci gaba da gudana har garwashi ya mutu. Idan inji ya tsaya wuta na ci, ɗan ruwan da ke cikin naɗin zai tafasa nan da nan, za ka ji bututun yana bugawa kamar ana dukansa da guduma, sai tururi ya fesa ta mafita ko ya fasa mahaɗi. Inda ake yawan ɗauke wuta, a tanadi janareto a kusa, da shebur da bokitin yashi don kwashe garwashi ko binne shi. Yara su yi nesa da duron da bakin mafita.

Don sanin ƙarfin murhunka, tari ruwan mafita a bokiti na minti ɗaya, ka auna bambancin zafinsa da na kwami, ka ninka lita da digiri da 0.07. Lita 20 da bambancin digiri 10 sun ba da kilowat 14, wato awa 8 da ɗoriya na hura wuta ga kwamin da muka lissafa. Idan ruwan mafita ya haura digiri 40, a ƙara buɗe bawul ɗin reshen. Ruwa mai yawa da ɗan ɗumi ya fi ɗigon ruwa mai ƙuna amfani, kuma ya fi aminci.

Da an ga zafi ya ragu, a duba kunkunniya. Bututun jan ƙarfen yana da sanyi, hayaƙi yana daskarewa a jikinsa ya yi baƙin kwalta, ɗanyen itace kuma yana ninka matsalar. A goge da burushin waya bayan hura uku ko huɗu. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yakan tara farin ɓawo a ciki, irin na gindin tukunyar shayi.

Sai sinadarin ruwa. A riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6, kuma a zuba kilorin bayan murhu, ba gabansa ba. Ruwa mai tsami yana cin jan ƙarfe, alamarsa koren tabo a bangon kwami. Mai hali ya yi naɗin da ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316.

Da yamma a rufe fuskar ruwan da leda mai kumfar iska ko tamfol. Busasshiyar iskar hunturu tana kwashe ruwa a matsayin tururi, zafin yana bin sa, kuma kwamin da aka bari a buɗe zai iya wayar gari ya zubar da digiri biyu ko uku.